Awa Biyu Nan, Awa Uku Can: Shin Barcin Direban Tirela Yana Rabuwa?

Duk wanda ya saba bin hanyar Kaduna zuwa Zariya ya san yadda Mararrabar Jos take: tireloli da tankokin mai jere a gefen titi, wani direban na kwance cikin kan mota, wani ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin bodi, wani na zaune gaban mai shayi. Haka abin yake a wajejen Mando da bakin titin Nnamdi Azikiwe da ya kewaye gari ya fito Kawo. Kaduna mahaɗa ce. Motar da ta ɗauko kaya daga Legas za ta Kano ko Katsina ko Maraɗi, da wadda ta ɗauko shanu ko tumatir za ta kudu, da yawansu ta nan suke ratsawa. Tsakanin Legas da Kano akwai kusan kilomita 1,000, kuma babbar mota da lodi ba ta cinye wannan nisan a wuni guda.

Saboda haka dole direba ya yi barci a hanya, kuma sau da yawa guntu-guntu yake yin sa: awa biyu wajen jiran lodi, awa uku bayan Isha, ɗan gyangyaɗi kafin Asuba. Tambayar ita ce: idan aka haɗa waɗannan guntayen, suna biya wa jiki buƙatarsa kamar barcin dare cikakke? Masana barci sun yi shekaru suna gwada wannan, har wasu ƙasashe suka gina dokoki a kan abin da aka gano. Amsar a taƙaice: barci yana rabuwa, amma da sharuɗɗa, kuma sharuɗɗan su ne ba a cika cikawa ba.

Me ke kawo barci tun farko?

A shekarar 1982 wani masani a Jami'ar Zurich ta ƙasar Suwizalan, Alexander Borbély, ya bayyana cewa abubuwa biyu ne ke juya barcin ɗan Adam, kuma har yau a kan wannan bayanin ake tafiya.

Na farko shi ne bashin barci. Daga lokacin da ka farka, ƙwaƙwalwarka na aiki tana ƙona makamashi, wani sinadari da ake kira adenosin yana taruwa a cikinta. Gwargwadon daɗewarka ido biyu, gwargwadon yawansa, gwargwadon nauyin da kake ji a fatar ido. Barci ne kaɗai ke kwashe shi. Zama a benci, hira, cin abinci, wanke fuska, duk hutu ne ga gaɓɓai, amma ba sa rage wannan bashin.

Na biyu shi ne agogon jiki. A can cikin ƙwaƙwalwa, daidai saman inda jijiyoyin idanu biyu suka gitta juna, akwai wani ɗan gungun ƙwayoyin jijiya da ke riƙe da lokaci. Hasken rana ne ke saita shi. Shi ke sa jiki ya saki sinadarin melatonin idan duhu ya yi, ya sauke zafin jiki cikin dare, ya ɗaga shi da safe. Binciken yadda ƙwayoyin halitta ke tafiyar da wannan agogo ne ya sa aka ba Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young kyautar Nobel a 2017.

Agogon nan yana da ramuka biyu a kowace rana. Babban ramin yana tsakanin ƙarfe 2 na dare zuwa 6 na safe. Ƙaramin yana tsakanin Azahar da La'asar, lokacin da muka saba da ƙailula. Ko ka ci tuwo ko ba ka ci ba, kasalar wannan lokacin tana zuwa. Abinci mai nauyi ƙara ta kawai yake yi.

To ka ga haɗarin yana inda abubuwan biyu suka haɗu: direban da ya tara bashi tun jiya, kuma ƙarfe 4 na asuba ta same shi riƙe da sitiyari.

Abin da ke faruwa idan aka ƙi biyan bashin

Mutum ba ya faɗawa barci gaba ɗaya kamar an kashe fitila. Kafin nan ƙwaƙwalwa kan riƙa ɗaukewa na 'yan daƙiƙu, wani lokacin ma ido a buɗe, mai ita bai sani ba. Bari mu yi lissafi. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kusan mita 22 a kowace daƙiƙa. Idan direba ya ɗauke na daƙiƙa 4 kacal, motar ta yi kusan mita 90 babu mai tuƙa ta, wato kaɗan ya rage ta ƙure tsawon filin ƙwallo. Yanzu ka ɗora wannan a kan tanka cike da fetur tana gangarowa kusa da tashar Kawo.

A 1997 wasu masana biyu a Ostareliya, Drew Dawson da Kathryn Reid, suka buga wani gwaji a mujallar Nature. Sun gano cewa wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, kuzarin hannunsa da idonsa ya yi daidai da na mutumin da barasa ta kai kashi 0.05 cikin 100 a jininsa, wanda shi ne iyakar da ƙasashe da yawa suka sa wa mai tuƙi. A awa 24 kuwa ya yi daidai da kashi 0.10. Wato direban da bai taɓa kai giya bakinsa ba zai iya tuƙi irin na mashayi, idan ya tashi ƙarfe 5 na asuba kuma ƙarfe 10 na dare ta same shi a hanya.

Wani abin da ya fi wannan ban tsoro shi ne mai bashin ba ya sanin yawan bashinsa. A 2003 Hans Van Dongen da abokan aikinsa a Jami'ar Pennsylvania sun taƙaita wa mutane barci zuwa awa 6 a kowane dare har kwana 14. Kullum natsuwarsu na raguwa, har a ƙarshe suka koma kamar wanda ya kwana ɗaya ko biyu bai yi barci sam ba. Amma idan an tambaye su sai su ce ɗan barci kaɗan suke ji. Saboda haka idan direba ya ce maka "na saba", gaskiyarsa yake faɗa game da abin da yake ji. Jin ne ya saba, saurin taka burki bai saba ba.

Su kansu direbobin manyan motoci an auna su. A 1997 Merrill Mitler da tawagarsa sun bi direbobi 80 a Amurka da Kanada, da na'urar auna aikin ƙwaƙwalwa a kansu, suka tarar matsakaicin barcinsu a rana bai kai awa 5 ba.

Dokokin awannin aiki

Wannan ne ya sa ƙasashe ba su bar wa direba ko maigidansa hukuncin yaushe za a tsaya ba. Amurka ta fara kafa dokar awannin tuƙi tun ƙarshen shekarun 1930. A yau dokar direban kaya a can ta tsaya a kan waɗannan:

Bayan hutun awa 10 a jere, direba na iya tuƙin awa 11, ba ƙari.

Wannan tuƙin dole ya faɗo cikin awa 14 daga lokacin da ya kama aiki. Da awa 14 ta cika, ko bai cinye 11 ɗinsa ba, ya ajiye mota.

Bayan tuƙin awa 8 sai ya dakata na minti 30.

Ba ya tuƙi idan aikinsa ya kai awa 60 a kwana 7, ko 70 a kwana 8.

Daga Disambar 2017 aka wajabta wa yawancin motocin sa na'urar da ke haɗe da inji tana rubuta lokacin tuƙi da kanta, domin littafin da ake cikewa da biro yana karɓar ƙarya.

Tarayyar Turai ta fi tsanani. Dokarta ta 2006 ta ba direba awa 9 a rana, da damar kai wa 10 sau biyu a mako. Bayan tuƙin awa 4 da rabi sai hutun minti 45. Hutun kowace rana awa 11 ne, tuƙin mako kuma ba ya wuce awa 56. Na'urar da ke shaida a can sunanta takogiraf.

Mu ma a Najeriya ba a bar mu haka ba. Dokokin zirga-zirgar hanya na ƙasa sun sa iyaka ga awannin da direban babbar mota zai yi yana tuƙi, sun kuma nemi ya samu hutun awa 8 a jere cikin kowace awa 24. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana jan hankalin direbobi su tsaya na aƙalla minti 15 bayan kowace awa 4. Bambancin shi ne jami'in da ya tare mota a hanya zai iya duba taya da lasisi da abin kashe gobara, amma babu abin da zai duba ya gane direban nan rabonsa da barci tun shekaranjiya.

Ina maganar raba hutu ta shigo?

Ka yi tunanin direban da ya isa wajen sauke kaya aka ce ya jira awa 3. A tsarin awa 14, agogo na tafiya ko yana tuƙi ko yana zaune. Idan ya kwanta ya yi barci a wannan jiran, ya yi asarar lokacin aiki. Idan barci ya kama shi da rana a hanya, tsayawa na nufin ba zai kai inda za shi ba. Sai doka ta zama tana hukunta mai tsayawa ya huta, alhali don hutun aka yi ta.

Don gyara wannan aka ba da damar raba hutun gida biyu ga motar da ke da makwanci a bayan kujerar direba. Daga 29 ga Satumba, 2020, ƙa'idar Amurka ita ce: kashi ɗaya ya zama aƙalla awa 7 a jere cikin makwancin, ɗayan aƙalla awa 2, su biyun su haɗu su ba da aƙalla awa 10. Wato 7 da 3, ko 8 da 2. Idan aka cika wannan, babu ɗayansu da za a lissafa cikin awa 14 ɗin nan. A Turai kuwa idan za ka raba, kashin farko awa 3 ne, na biyu awa 9, jimla 12. Ka lura, mai rabawa a can sai ya ƙara awa guda a kan wanda bai raba ba.

Bari mu ɗora tsarin Amurka a kan hanyarmu don ka ga yadda lissafin yake. A ce direba ya kwana lafiya, ya bar Kano ƙarfe 6 na safe, ya iso Mando ƙarfe 11. Tuƙin awa 5 ke nan. Ana sauke wani kaya ana ɗora wani, shi kuma ya shige makwanci har ƙarfe 2 na rana. Ya kama hanyar kudu ya yi awa 6, ƙarfe 8 na dare ya cika 11 ɗinsa. Sai ya kwanta awa 7, ya tashi ƙarfe 3 na dare. Hutunsa ya cika 10.

Abu biyu za ka lura da su a nan. Na farko, da ya tashi ba sabuwar awa 11 aka ba shi ba. Lissafi na farawa ne daga ƙarshen hutun farko, wato ƙarfe 2 na rana. Ya riga ya ci awa 6 tun daga nan, saura 5. Raba hutu ba ya ƙara wa kowa lokacin tuƙi, matsar da shi kawai yake yi. Na biyu, wannan direban bai karya doka ko ɗaya ba, amma ga shi zai hau titi ƙarfe 3 na dare, tsakiyar babban ramin agogon jiki. Da ya yi awa 2 bayan Azahar, sannan ya kwanta daga 9 na dare zuwa 5 na asuba, jimlar ɗaya ce, amma jikinsa zai fi amfana nesa ba kusa ba. Doka awanni take ƙirgawa. Jiki yana duba har da ƙarfe nawa ne.

Me gwaje-gwaje suka nuna?

A 2008 Daniel Mollicone da abokan aikinsa sun gwada mutane da tsare-tsare iri-iri na guntun barcin dare haɗe da na rana. Abin da suka gani shi ne natsuwar mutum ta fi bin jimlar barcin da ya samu cikin awa 24, ko a dunƙule ya same shi ko a rabe.

Daga baya hukumar da ke kula da manyan motoci a Amurka ta ɗauki nauyin wani gwajin a Jami'ar Jihar Washington. Aka raba mutane gida uku, kowa da damar kwanciya ta awa 10: wasu da dare a jere, wasu da rana a jere, wasu kuma 5 da 5. Masu barcin dare ne suka fi samun barci. Masu rabawa suka biyo baya. Masu kwanciyar rana a jere su ne na ƙarshe, domin agogon jiki yana tashin mutum da rana ko bai ƙoshi ba.

Daga nan za ka iya fitar da sharuɗɗan da muka ambata a farko. Jimlar barcin gaske ta kai awa 7 zuwa 8, wanda shi ne abin da yawancin manya ke buƙata. Kashi ɗaya ya yi tsawo, domin barci zagaye-zagaye yake yi, kowane zagaye kusan minti 90, mai nauyi ya fi yawa a farkon dare, mai mafarki ya fi yawa gab da asuba, kuma jiki na buƙatar duka biyun. Sannan dogon kashin ya faɗo cikin dare gwargwadon iko.

Akwai kuma magagi. Wanda aka tasa daga barci mai nauyi yakan ɗauki minti 15 zuwa 30, wani lokacin fiye, kafin kansa ya dawo daidai. Mai raba barci sau biyu yake haɗuwa da wannan a rana. Tashi daga makwanci zuwa sitiyari kai tsaye kuskure ne. Alwala, sallah, ɗan zagaya mota ana duba tayoyi, duk suna ba ƙwaƙwalwa lokacin warwarewa.

Me ya sa abin ke da wuya a nan?

Direbanmu ba wai bai san daɗin barci ba ne. Da yawa ana biyan su ne gwargwadon sawun da suka yi, don haka duk awar da mota ta yi a tsaye kuɗi ne ke zuba. Mai tumatir na lissafin kwandunansa kafin su isa kasuwar Mile 12 a Legas. Mai shanu na tsoron kar wata ta faɗi a mota. Zafin watan Maris da Afrilu yana mai da kan mota tamkar tanda, barcin rana ya gagara, ga shi da yawa sun fi son tafiyar dare saboda sanyin inji da taya da ƙarancin cunkoso. Matsalar tsaro a hanyoyi irin na Birnin Gwari ta sa ba ko'ina ake iya tsayawa ba. Barci na iya kama mutum a inda tsayawa ta fi tafiya haɗari. Idan an samu wurin tsayawar ma, akwai sauro, ƙarar injuna, da fargabar masu satar mai ko batir.

Ga kuma jira. Direba na iya wuni a layin lodi, ana matsawa kaɗan-kaɗan, bai tuƙa ko kilomita ɗaya ba, amma bai runtsa ba. A ido ya huta. A ƙwaƙwalwa kuwa adenosin na nan na taruwa tun safe. Ko a dokar Amurka, lokacin da direba ke tsaye a kan lodi aiki ne, ba a sa shi cikin hutu.

Goro, shayi da sauransu

Goro da kofi da shayi da lemukan ƙara kuzari duk suna ɗauke da kafeyin. Aikinsa shi ne ya toshe wuraren da adenosin ke kamawa a ƙwaƙwalwa, sai ka daina jin nauyin na ɗan lokaci. Bashin na nan, sanarwar ce aka rufe. Kuma jiki na ɗaukar kimanin awa 5 kafin ya rage rabin abin da aka sha, don haka kofin da aka sha da Magariba na iya lalata barcin ƙarfe 10.

Jim Horne da Louise Reyner na Jami'ar Loughborough a Ingila sun gwada dabarun da direbobi ke yi. Buɗe gilashi don iska ta bugi fuska da ƙure rediyo sun yi tasiri na ɗan taƙaitaccen lokaci ne kawai. Abin da ya yi aiki sosai shi ne a tsaya, a sha kofi, a kwanta nan take na kimanin minti 15, kafin kafeyin ya fara aiki. Wannan dabarar kai mota wuri mai aminci ce, ba madadin barcin dare ba.

Tiramol kuwa maganin ciwo ne daga dangin masu sa maye. Yana ɗauke ciwon jiki mutum ya ji kamar ya samu ƙarfi, amma yana iya kawo jiri da barci, kuma idan ya yi yawa yana jawo farfaɗiya. Ka ƙiyasta wannan a bayan sitiyari.

Wani abin da ba a cika kula da shi ba shi ne minshari mai sarƙewa. Idan yaron mota ko iyali suna cewa numfashin mutum na tsayawa cikin barci sannan ya zabura, musamman mai ƙiba, to yana iya kwanciya awa 8 ya tashi kamar bai kwanta ba. Wannan ciwo ne, yana da magani, kuma ganin likita ya kamace shi.

Abin da ya rage gare mu

Idan kai direba ne, ƙirga barcin da ka yi, ba zaman da ka yi ba. Ka kare dogon kashi ɗaya, ka yi ƙoƙari ya haɗa da tsakanin ƙarfe 2 zuwa Asuba. Ka mai da jiran lodi da ƙailula kashi na biyu. Hamma a jere, nauyin ido, mota na barin layinta, ko ka ga ka wuce gari ba ka tuna lokacin da ka shige shi ba, duk alamu ne cewa ɗaukewar ta riga ta fara. Idan ku biyu ne masu lasisi, ɗaya ya kwanta da gaske yayin da ɗayan ke tuƙi, ba ya zauna taya hira ba.

Ƙungiyoyi irin su NARTO da NURTW da reshen direbobin tanka na NUPENG, tare da gwamnatoci, suna da rawar da ta fi ta kowa: wuraren ajiye manyan motoci masu tsaro da ruwa da inuwa, da tsarin biya da ba ya cin tarar wanda ya tsaya barci.

Idan kuma kai ne mai kaya ko mai mota, lissafin a hannunka yake. Kafin ka yanka wa direba ranar isa, raba nisan da gudun da mota mai lodi ke iya yi, ka sa awa 8 na barci a kowace rana, ka ƙara lokacin sallah da abinci da shingayen hanya. Abin da ya fito shi ne ranar isa. Idan ka kira shi ƙarfe 3 na dare wayarsa na kashe, wataƙila yana yin abin da zai kawo maka kayanka lafiya ne, sai ka bari gari ya waye.